Kuɗin Lambar Mota da Karnukan Unguwa

Jama'a, duk mai sammako zuwa Kasuwar Barci ko tashar Kawo ya san karnukan da ke yawo ba mai su. Mai mota ya ɗage gilashi ya wuce abinsa, ɗan talaka da 'yar talla su ake cizo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara. In ya bayyana a jiki, sai kabari.

A jihar Texas ta Amurka akwai wata lambar mota ta musamman, dala 30 a shekara. Dala 22 daga ciki ana biyan likitocin dabbobi su fiɗiye karnuka da kyanwoyi da araha, don kada su cika titi.

Nan Kaduna ma ana karɓar kuɗin lamba, to ina rabon talaka? Muna kira ga Majalisar Jiha ta fito da irin wannan lamba ga masu hali, a ware kuɗinta domin fiɗiya da allura. Allurar ga ta ana yi a Vom. In an yi wa kare 70 cikin 100, ciwon ya karye. Talakawa, ku tambayi wakilanku!