Ba Kowace Gajiya Ce Ta Sankara Ba

A 2006 Amurka ta amince da Sunitinib, maganin da ke hana sankarar ƙoda da ta bazu samun jinin da take rayuwa da shi. Sai dai yakan raunana tayirod, ƙullin gaban wuya wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo. Kasala da jin sanyi da ƙiba sukan biyo baya, a ɗora wa sankarar laifi, majinyaci ya karaya. Alhali gwajin jini na TSH kan bayyana matsalar, ƙwayar Levothyroxine ta cike giɓin, galibi ba tare da dakatar da maganin ba. Bai kamata likita ya jira koke ba. Yin gwajin tun farko, da maimaita shi a kai a kai, haƙƙin majinyaci ne.