Yadda wasannin yaƙi na haɗin gwiwa suka shiga bariki, suka kuma ruɗi gidajen talabijin

A shekarar 2022, kamfanin ƙera makamai na Birtaniya, BAE Systems, ya sayi Bohemia Interactive Simulations a kan dala miliyan 200. Kamfanin da aka saya ɗin bai taɓa ƙera ko da harsashi ɗaya ba. Hajarsa ita ce manhajar VBS, wadda sojojin Amurka da na Birtaniya ke atisaye da ita a kwamfuta. Asalinta kuwa wasan bidiyo ne, Operation Flashpoint, wanda wani kamfanin Jamhuriyar Czech ya fitar a 2001, kuma daga zuriyarsa ne aka samu Arma 3 a 2013.

Duk ɗan kasuwa zai tambaya: me ke cikin wasa har a zuba masa wannan dukiya? Amsar tana cikin yadda ake buga shi.

A ɗauki Squad, na wani kamfanin Kanada, a matsayin misali. Mutum ɗari ke shiga fage ɗaya ta intanet, hamsin a kowane ɓangare, sannan a rarraba su ƙananan rukunoni da ba su wuce mutum tara-tara ba. Kowane rukuni yana da shugaba, kuma shugabannin suna da layin rediyo nasu na daban da suke magana da juna da kuma kwamanda. Wani aikinsa jinyar waɗanda aka raunata. Wani kuma zai shafe sa'a guda yana tuƙa motar dakon kaya tsakanin sansani da bakin daga ba tare da ya yi harbi ko sau ɗaya ba, amma da zarar ya yi sakaci, harsasai su ƙare, sansanin ya faɗi. Gwanin harbin da ya yi gaban kansa ba ya daɗewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a kan haka aka gina dokokin wasan da gangan.

Wannan shi ne abin da rundunoni ke buƙata. Koya wa kurtu riƙe bindiga aikin fili ne, kwamfuta ba ta iya shi. Abin da ke cin kuɗi da lokaci shi ne koya wa mutum talatin su yi motsi tare, su ba da rahoto a taƙaice, su bi umarni a cikin ruɗani. A kwamfuta ana iya maimaita kwanton ɓauna ɗaya sau ashirin ba tare da an ƙona ko litar mai ɗaya ba, sannan a dawo da hoton a ga wanda ya yi shiru a lokacin da ya kamata ya yi magana.

Rundunar sojin Amurka ta gane haka tun da wuri. A 2002 ta fitar da nata wasan kyauta, America's Army, domin jawo matasa aikin soja, ta kuma riƙe shi shekara ashirin kafin ta rufe shi a 2022. Wanda ya harbi abokin aikinsa a cikin wasan, sai ya tsinci kansa a kurkukun soja. Sai dai a ganina, a nan ne masu suka ke da gaskiya: yaƙin da wanda aka kashe zai tashi bayan minti guda ya koma fage yana koyar da tsari, amma yana ɓoye tsoro da makoki da farar hular da ke tsakiya. Talla ce mai kyau, wadda ba ta faɗin farashi.

Akwai kuma wani ɓangaren da ya fi kusa da wayoyinmu. Arma 3 yana bai wa 'yan wasa damar tsara nasu fagen yaƙi, su saka motoci da kaki na kowace ƙasa, su haɗu su buga, su naɗa. Da yawansu don nishaɗi suke ɗora bidiyon, sai wasu su yanke shi, su cire sunan wasan, su liƙa masa labarin ƙarya. Tun a 2011 gidan talabijin na ITV a Birtaniya ya nuna hoton Arma 2 a matsayin harin ƙungiyar IRA a kan jirgi mai saukar ungulu. A 2021 wasu tashoshin Indiya sun nuna na Arma 3 da sunan harin jiragen Pakistan a kwarin Panjshir na Afghanistan. An sake ganin irinsa a yaƙin Ukraine, haka ma a na Gaza a 2023. Idan editoci masu albashi sun faɗa wannan tarko, ina ga mai tura saƙo a zauren WhatsApp?

Abin ya kai ga kamfanin da ya yi wasan ya fito a ƙarshen 2022 ya bayyana alamomin gane na bogi: hoto mai dishi-dishi, kyamara mai yawan girgiza, yawanci da daddare, hayaƙi da wutar da ba su yi kama da na gaske ba. Sai kuma rashin mutane. Jirgi da tanka suna da sauƙin kwaikwayo, amma tafiyar ɗan Adam har yanzu tana tona asirin kwamfuta, shi ya sa masu yankan bidiyon ke kauce wa nuna ta.