Malamin Da Ya Ƙi Ɓuya

A watan Disamba na 2003 jaridar Sunday Times ta Ingila ta bankaɗo wata takardar asiri ta gwamnati, wadda ta nuna an tsallake sunan Farfesa Colin Blakemore cikin waɗanda Sarauniya za ta ba lambar girma ta "Sir". Dalilin da aka rubuta kuwa wai gwajin da yake yi da dabbobi yana jawo ka-ce-na-ce. A lokacin nan mutumin bai daɗe da zama shugaban Majalisar Binciken Harkokin Lafiya ta Biritaniya ba, watau hukumar da gwamnati da kanta take zuba wa kuɗi don a yi irin wannan gwaji. Ashe gwamnati ta yarda ya yi mata aiki, amma tana jin kunyar a gan ta tare da shi. Wannan ba adalci ba ne, kuma labarin mutumin ya isa shaida.

An haifi Blakemore a 1944, ya tashi a birnin Coventry a gidan talakawa. Ya yi karatun likita a Jami'ar Kembirij, ya tafi Berkeley ta Amurka ya samo digirin digirgir a 1968, sa'an nan ya zama Farfesa a Jami'ar Okisfod a 1979 yana da shekara 35 tak.

Abin da ya fito da sunansa shi ne wani gwaji da suka yi da abokin aikinsa Grahame Cooper, suka bayyana shi a 1970. Sun reni 'ya'yan kyanwa cikin duhu, kowace rana sai a sa su na 'yan sa'o'i cikin wata ganga da aka zana wa layuka. Waɗansu layuka a tsaye kaɗai suke gani, waɗansu kuwa a kwance. Da suka yi watanni aka fito da su sarari, sai ga abin mamaki. Wadda ta saba da layin tsaye, in an kaɗa mata sanda a tsaye sai ta kai mata wawura, in an kwantar da sandar kuwa sai ta yi kamar babu komi a gabanta. Idonta lafiya lau yake. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwarta masu kula da gani ne suka ginu a kan abin da suka saba da shi, suka bar wanda ba su taɓa gani ba.

Ma'anar wannan ita ce ido ba ya gani shi kaɗai, sai ƙwaƙwalwa ta koyi gani, kuma koyon yana da lokacinsa a ƙuruciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jaririn da aka haifa da yanar ido, ko yaro mai harara-garke, in an yi sakaci har lokacin ya wuce, ko an gyara idon daga baya ƙwaƙwalwa ta riga ta juya masa baya. Gaskiya ne David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami lambar Nobel a 1981, su ne suka share wannan hanya, amma aikin Blakemore yana cikin abin da ya ƙarfafa wa likitoci gwiwar yi wa irin waɗannan yara magani da wuri.

Da wani ne sai ya tsaya nan, ya ci gaba da rubuce-rubucen da ba mai karantawa sai 'yan'uwansa malamai. Shi kuwa a 1976 ya gabatar da laccocin Reith na gidan rediyon BBC yana da shekara 32, ba a taɓa ba mai ƙarancin shekarunsa wannan dama ba. A 1988 ya shirya wa talabijin ɗin BBC shiri mai kashi 13 a kan yadda ƙwaƙwalwa take aiki, cikin harshen da direba da mai shago za su gane.

To, fitowa fili tana da farashi. Daga wajen 1987 masu rajin kare dabbobi suka sa shi a gaba, domin cikin gwaje-gwajensa akwai ɗinke fatar idon 'ya'yan kyanwa bayan an sa musu maganin barci. Aka yi ta aiko masa da wasiƙu masu reza a ciki, aka farfasa masa tagogi, aka yi barazanar sace 'ya'yansa mata, har aka aika da bam cikin ƙunshin kyauta zuwa gidansa. Yawancin malaman da ke irin wannan aiki suka yi gum, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Blakemore ya ƙi ɓuya. Duk inda aka kira shi muhawara sai ya je, ya faɗi abin da yake yi da dalilin yin sa.

Kada a ɗauka masu adawa da shi ba su da hujja ko kaɗan. Kyanwa rai gare ta, tana jin zafi, kuma duk mai tausayi in ya ji an ɗinke mata ido sai tsigar jikinsa ta tashi. Tambayar ko amfanin da aka samu ya kai wahalar da dabba ta sha, tambaya ce ta halal, ba kuwa malamai kaɗai ke da ikon amsa ta ba. Amma fa tambayar ba ta amsuwa sai wanda ya yi aikin ya fito ya yi bayani. Blakemore bai taɓa cewa aikin mai daɗi ne ba. Ya ƙi yarda a gwada kayan kwalliya a jikin dabba, a 1992 kuma shi da Les Ward, shugaban wata ƙungiyar kare dabbobi, suka kafa wani zaure inda ɓangarorin biyu suke zama su fahimci juna. Wanda ake aika wa bam ya jawo abokin hamayya teburi guda, lalle ba ƙaramar jarunta ba ce.

Akwai malaman da ke ganin magana da jama'a zubar da girma ne. Sun manta kuɗin da ake bincike da shi harajin jama'a ne, wanda ya biya kuwa yana da haƙƙin a gaya masa abin da aka yi da kuɗinsa. Bugu da ƙari, inda masani ya yi shiru, mai jita-jita ne ke cika wurin. Ingila ta ɗanɗana wannan daga 1998, sa'ad da wani likita ya alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Iyaye da yawa suka guji allurar, ƙyanda ta dawo, ba a janye takardar tasa ba sai a 2010.

Saboda haka laifin waɗanda suka tsallake sunansa a 2003 ya wuce hana mutum guda lamba. Sun nuna wa kowane ƙaramin malami cewa mai ɓuya shi ke da riba. Blakemore ya gane haka, ya ce zai ajiye muƙaminsa in gwamnati ba ta fito ta bayyana matsayinta ba. Dole ta fito ta ce tana goyon bayan binciken da ake yi bisa doka, shi kuma ya riƙe hukumar har 2007.

Lambar dai ba ta zo ba sai a 2014, yana da shekara 70. Ranar 27 ga watan Yuni, 2022 ya mutu a Okisfod, bayan fama da wata cuta mai kashe ƙwayoyin jijiyar da ke motsa gaɓoɓi, cutar da har yau masana suke neman maganinta.