Ba tsinke ne ya tsiyaye idon ba, jinkirinmu ne

Akwai wata magana da ya kamata mu kore ta daga gidajenmu na Mayo, Inƙaz da Umbadda: "A ɗiga masa wani abu, mu gani zuwa gobe." Wannan goben ta cinye idanun da likita zai iya ceto, mu kuwa muka naɗe hannu muka kira ta ƙaddara.

Mu masu cin guminmu ne. Maƙerinmu a yankin masana'antu na Umdurman yana saran ƙarfe ba tabarau, manominmu a Jazira yana sunkuye cikin karan dawa. Tun 15 ga Afrilu, 2023 kuma yaƙi ya ƙara mana ɓaraguzan harsashi da nakiyoyin da ba su fashe ba, waɗanda yara ke tsinta a kangayen Khartum. Rauni a ido ba baƙonmu ba ne. Yadda muke tarbarsa shi ne abin kunya.

Idan abu ya huda ƙwayar ido, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ke nan zuwa wurin da jiki ba ya iya kare kansa sosai. Shi ya sa likitocin ido ke son ɗinke raunin cikin awa 24. Haɗarin ruɓewa yana ƙaruwa idan aka makara, ko ɗan ƙarfe ya maƙale a ciki, ko ƙasa ta shiga. Wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa, Bacillus cereus, tana iya lalata ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganin wannan allura ce da ake yi cikin idon kansa, da vancomycin da ceftazidime, wani lokaci a haɗa da tiyatar kwashe ruwan da ya ruɓe. Ƙarzanen kara ko ƙaya kuwa yakan kawo cutar fumfuna a baƙin ido, wadda maganinta daban ne, irin su natamycin, ana ɗigawa makonni. Wanda ya zo da wuri yakan tsira da wani abu na ganinsa. Wanda ya makara yakan koma da hakiya, ko a cire idon ɗungurungum.

To, ina gurbin nonon uwa, kwalli, ruwan sukari ko harshen mai lasar tsaba a nan? Kowannensu ƙarin datti ne kan buɗaɗɗen rauni. Masu cewa haka kakanni suka yi, su tuna kakannin da suka yi hijira bayan Burmi a 1903 har suka kafa Maiwurno sun yi da abin da ke hannunsu ne. Maimaita rashinsu ba girmama su ba ne.

Ɗan boko ma bai fita ba. Shi ne ke shiga saidaliyya ya sayo ɗigon da ke ɗauke da kotizon ba da takardar likita ba. Jan ido ya lafa, hankali ya kwanta, fumfuna kuwa tana ci ta ƙarƙashi har baƙin ido ya fashe.

Za a ce asibiti ya yi nisa, aljihu kuma ya bushe. Gaskiya ne: yaƙi ya durƙusar da yawancin asibitocin babban birni, har Al-Naw na Umdurman ya zama mafakar raunata. Amma mu da ke tara kuɗin biki da na zaman makoki cikin yini guda, mene ne zai hana kowace unguwa ta ware asusun kai mai rauni asibiti, ta kuma san tun yau inda likitan ido yake zama?

Idan abin ya faru, kada a murza, kada a zaro abin da ya soke, kada a ɗiga komai. A kife gindin kofin takarda a kan idon ba tare da dannawa ba, a kama hanya. Sinadari kaɗai ake wankewa nan take da ruwa mai yawa. Zafi mai ƙaruwa, dushewar gani ko farin ruwa a baƙin ido ba sa jiran wayewar gari.

Ido ba haƙori ba ne da za a dasa wani a ci gaba da amfani da shi. Ƙaddara tana bayan ƙoƙari. Kada mu ɗora mata laifin sakacinmu.