Wahalar Hanya Ita Ce Garkuwar Magangarar Ruwa: Darasi Daga Gaɓar Tsitsikamma

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A fagen nazarin rayayyun halittu kuwa, tafiyar da ta fi buɗe ilmi ita ce ta ƙasa, wadda mutum zai taka dutse da ƙafarsa, ya tsaya ya duba abin da ke ƙarƙashinsa. A wannan maƙala ina so in ɗauki mai karatu zuwa wata gaɓar teku a Afirka ta Kudu, mai suna Tsitsikamma, inda ake takawa a kan duwatsu don a isa wata magangarar ruwa, wato wurin da kogi ke tsirgowa daga saman dutse. Ra'ayina shi ne hukumar da ke kula da wurin ta yi daidai da ta ƙi shimfiɗa titin mota zuwa can, ta kuma ƙayyade yawan masu bin hanyar. Zan kawo dalilaina, in kuma kawo hujjar waɗanda abin bai yi wa daɗi ba.

Yadda Wurin Yake

Tsitsikamma tana bakin Tekun Indiya, a kudancin ƙasar. Sunan ya samo asali daga harshen mutanen Khoi, ana kuma fassara shi da wuri mai yawan ruwa. A shekarar 1964 aka keɓe gaɓar da ruwan da ke gabanta a matsayin gandu, shi ne kuwa gandun teku na farko a nahiyar Afirka. A 2009 aka haɗe shi da wasu dazuzzuka aka yi babban gandun Garden Route.

A 1968 aka buɗe hanyar ƙafa da ake kira Hanyar Karen Ruwa. Tsawonta ya haura kilomita 40, daga bakin Kogin Storms zuwa ƙauyen Nature's Valley, ana kuma yin ta cikin kwana 5. Mutum 12 kaɗai ake bari su kama hanya a kowace rana, ma'ana ko da ba a yi fashin yini ɗaya ba, masu bin ta a shekara ba za su kai 4,400 ba. Masu ziyarar yini guda an yarje masu su bi kimanin kilomita 3 na farko, su isa magangarar ruwa, su juyo. Ko wannan guntun zango ba wasa ba ne, domin akwai tsallake manyan duwatsu masu santsi, ga igiyar ruwa tana dukan gefensu. Alamar hanya ita ce sawun karen ruwa da aka zana da fenti ruwan ɗorawa a jikin dutse.

Abin Da Mai Tafiya A Ƙasa Ke Gani

Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne launin ruwan kogunan wurin, domin ja ne kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ƙazanta ce. Dalili kuwa shi ne ruwan ya ratso ta cikin tsirran tsaunuka masu ƙananan ganyaye da ake kira fainbos, ya jiƙa matattun ganyensu, ya kwaso sinadarin tanin. Wannan sinadari shi ne wanda majema ke nema a jikin bagaruwa idan za su jeme fata.

Abu na biyu shi ne karen ruwa, wanda hanyar ta ci sunansa. Dabba ce mai shayarwa, mai dogon jiki, wadda ke laluben abinci a ƙarƙashin duwatsu da yatsunta marasa ƙumba. A wannan gaɓa takan shiga teku ta kama ƙaguwa da kifi, amma ba za ta iya rayuwa da ruwan gishiri kaɗai ba. Tilas ta sami ruwan daɗi ta sha, ta kuma wanke gishiri daga gashinta. Saboda haka kowane rafi da ke tsirgowa daga dutse zuwa teku tamkar rijiyar gida ce gare ta. Idan mutane suka yi dafifi a bakin rafin dare da rana, sun raba ta da mashayarta ke nan.

Abu na uku shi ne duwatsun da ke tsakanin iyakar cikar teku da iyakar janyewarta. Teku takan cika ta kuma janye sau biyu a yini, sakamakon jan da wata da rana ke yi mata. Lokacin yakan yi jinkiri da kusan minti 50 kowace rana, kuma cikar takan fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren goma sha huɗu. Wanda ya duba dutsen lokacin da ruwa ya janye zai ga halittu sun jeru sahu-sahu. A can sama, inda feshin ruwa kawai ke kaiwa, ƙananan katantanwa ne masu jure bushewa. A tsakiya akwai masu ɓawo da ke manne wa dutse, a ƙasa kuma ciyayin teku da halittun da ba sa jure rabuwa da ruwa. Masanin dabbobi T. A. Stephenson da matarsa Anne sun yi nazarin gaɓar Afirka ta Kudu a shekarun 1930, sannan a 1949 suka wallafa bayanin da ya nuna cewa irin wannan jeri ana samun sa a gaɓoɓin dutse na duniya baki ɗaya. Waɗannan halittu suna jure dukan igiyar ruwa, amma takun takalmi mai yawa yana murƙushe su.

Dalilin Da Ya Sa Ƙayyadewa Ta Dace

Na farko, kowane muhalli yana da iyakar nauyin da zai iya ɗauka, kamar yadda makiyayi ya san iyakar shanun da fadama guda za ta ciyar. Sawun mutum 12 ƙasa za ta iya shanye shi. Sawun ɗaruruwa kullum yakan kashe ciyawa, ruwan sama ya bi ta nan ya zaizaye ƙasa zuwa cikin rafi.

Na biyu, titi ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da wurin ajiye motoci, da rumfunan ciniki, da shara, da hayaniya. A kan gaɓa mai tsananin gangare irin wannan, ba a yin titi sai an fasa dutse an sare daji.

Na uku, wahalar hanyar malama ce. A rana ta huɗu matafiya sukan iske Kogin Bloukrans bayan tafiyar kusan kilomita 10, kuma ba a ƙetare shi lafiya sai lokacin da teku ta janye. Don haka tilas su duba jadawalin cikar teku su yi lissafi, wani lokaci ma su yi sammako da tocila tun da duhu. Wanda ya makara sai ya jira, ko ya bi hanyar tsira ya hau tudu. Abin da ɗalibi ke haddacewa a aji game da wata da teku, a nan ya zama batun lafiyar jikinsa.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Adalci ne a faɗi cewa wannan kariya akwai waɗanda suka biya kuɗinta. An kafa gandun a zamanin mulkin wariyar launin fata, kuma mazauna ƙauyukan kewaye, waɗanda iyayensu ke kamun kifi a nan, an yi ta taƙaita masu shiga, har a 2000 aka hana kamun kifi ɗungurungum. Kukansu shi ne baƙo mai kuɗi yana yawo a inda ɗan gida ba ya iya jefa ƙugiya. A ƙarshen 2016 gwamnati ta buɗe kimanin kashi 20 cikin 100 na gaɓar ga 'yan yankin da suka yi rajista. Masana da dama sun yi suka, kuma suna da dalili. Alal misali, wani jan kifi da ake kira roman ba ya nisa da mazauninsa, ba ya saurin girma, kuma yakan fara rayuwa a matsayin mace, sai ya girma ya rikiɗe ya zama namiji. Mai ƙugiya kuwa manya yake so, wato mazan ke nan. Idan aka kwashe su, hayayyafa ta raunana.

Ni a ganina kowane ɓangare ya riƙe gaskiya ɗaya. Halittun gaɓa suna bukatar iyaka, kuma iyakar da makwabta suke ganin zalunci ce ba ta ɗorewa, domin masu gadi ba za su iya tsare kowane lungu ba. Mafita ita ce a riƙe ƙa'ida, a ci gaba da ƙidayar kifin don a san halin da yake ciki, sannan 'yan yankin su sami rabo bayyananne daga aikin gandun da kuɗin da baƙi ke biya.

Kammalawa

Mu ma muna da magangarun ruwa, irin su Gurara a Jihar Neja da Matsirga kusa da Kafanchan, kuma duk lokacin da aka tashi maganar bunƙasa su, titi da gine-gine ake fara ambata. Kafin a kai ga haka ya kamata a tambaya: mutum nawa wurin zai iya ɗauka, wace halitta ce ke sha a nan, kuma mene ne rabon mutanen ƙauyen? Kira na ga malamai shi ne idan za su kai ɗalibai irin waɗannan wurare, su kasa su ƙungiya-ƙungiya, su sauka daga mota tun da nisa su taka, kowane ɗalibi da littafinsa yana rubuta abin da ya gani, kuma duk ledar da aka shiga da ita a fito da ita.