ALLON IYAKA BAI TAƁA TARE ƁARAWO BA

Jama'a, duk wanda ya taɓa ɗaukar hatsi daga Gusau zuwa Funtuwa ya san inda ƙasar Tsafe ta ƙare, ta 'Yankara ta soma. Nan Zamfara, can Katsina, ga allo a bakin hanya yana shaida. To, muna tambaya: wa allon nan yake yi wa aiki?

Mu dai a wurinmu iyakar takarda ce. Sarkin Gusau har yau Sarkin Katsina ake ce da shi. 'Yandoto kuwa, inda Sarkin Tsafe ya samo sunan sarautarsa, garin malamai ne na ƙasar Katsina tun kafin jihadi. Bayan jihadi aka koma ƙarƙashin Sakkwato, Turawa suka zo suka ja layin lardi. A 1967 soja suka ce nan Arewa maso Yamma, can Arewa ta Tsakiya. Aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Zamfara a 1996. Suna ya yi ta sauyawa, amma mutumin Kwatarkwashi bai fasa cin kasuwar 'Yankara ba, auratayya ba ta yanke ba.

Ɗan bindiga ma bai san da allon ba. Ya tare mota a wannan gefe, ya kwana a dajin wancan, kowane mahukunci ya ce ba ƙasarsa ba ce. Mai karɓar haraji shi ne ya haddace iyakar sarai: buhu ɗaya, rasit biyu. Ashsha!

Kada a ce mana gwamnatocin biyu ba su iya haɗa baki. A 2021 sun haɗa: aka yanke layin waya, Zamfara ta rufe kasuwannin mako, Katsina ta hana cinikin dabbobi a Faskari da maƙwabtanta. Wa ya ji a jikinsa? Mai kayan koli, da dillali, da matar da ke sayar da fura. Wanda ya iya haɗa kai ya rufe mana kasuwa ya iya haɗa kai ya tsare mana hanya.

Abin da muke nema ba shi da yawa. A sa 'yan sintiri na haɗin gwiwa daga Kwatarkwashi har Sheme, waɗanda ba za su ja birki a gindin allo ba. Rasit ɗin da aka yanka a Tsafe ya yi aiki a 'Yankara. In kuma za a zauna kan maganar hanyar nan, a kira sarakunan kasuwa da shugabannin direbobi na ɓangarorin biyu, a ba su kujera, ba tabarmar bakin ƙofa ba.