Gabas, Arewa, Yamma, Kudu: Wane Suna Hausa Za Ta Raɗa wa Lambar i?

Yaron da ya tashi a Gangara, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, da ɗan'uwansa da ya tashi a Ɗan Isa, ƙetaren iyaka a kan hanyar Maraɗi, harshe ɗaya suka sha a nono. Makaranta ce ke raba su: wannan ya koyi lissafi da Ingilishi, wancan da Faransanci. In karatu ya yi nisa, kowannensu zai yi karo da tambaya guda: wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da −1? Na Nijar zai gamu da amsar a ajin ƙarshe na sakandare in ya bi fannin kimiyya. Na Nijeriya kuwa, a sakandare akan sallame shi da cewa irin wannan tambaya ba ta da amsa, sai ya shiga shekarar farko ta jami'a a Katsina ko Dutsin-Ma ya ji cewa ashe akwai, ana rubuta ta da harafin i. Dukansu biyu za a gaya musu sunanta, kuma a harsunan biyu ma'anar sunan ɗaya ce: lambar da aka raya a zuci, wadda babu ita.

Nan ne maganar ta shafi masu nazarin Hausa. Malamin lissafi a wannan yanki, in ya ga idanun ɗalibai sun yi zuru-zuru, juya harshe yake yi ya koma Hausa, ko manhaja ta yarda ko ba ta yarda ba. Abin da ke bakinsa a lokacin fassara ce ta nan take: lambar zato, lambar hasashe, ƙagaggiyar lamba. Duk wanda ya zauna a ajin adabi ya san abin da “ƙagagge” ke nufi a kunnen Bahaushe, domin da kalmar ake kiran labarin da bai faru ba. In kuma aka kira sauran lambobi “na gaske”, to an riga an gaya wa yaro cewa wannan ta ƙarya ce. Ɗalibin da aka ce ya haddace dokokin abin da babu shi zai haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta.

Sunan nan ba hukuncin ilimi ba ne, gori ne da ya bi lambar tun tana jaririya. A 1545 Cardano, ɗan Italiya, ya kawo matsalar raba goma gida biyu ta yadda in an ninka kason farko da na biyu za a sami arba'in. Amsar da ta fito masa ita ce 5 + √−15 da 5 − √−15. Ya gwada, lissafi ya fita daidai, amma ya ture shi gefe a matsayin wayon da ba shi da amfani. Bombelli, injiniyan da ya yi aikin janye ruwan fadamu, shi ya tsara dokokin ninka irin waɗannan lambobi a littafinsa na 1572. A 1637 Descartes na Faransa ya kira su “imaginaire”, kuma sunan ya zauna. Euler ya fara amfani da harafin i a 1777. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 wani ma'aunin filaye ɗan Norway mai suna Wessel, sannan Argand a Paris a 1806, suka nuna abin da lambar ke yi a zahiri, wato juyi. Gauss na Jamus ya koka a 1831 cewa mummunan suna ne ya lulluɓe al'amarin da duhu, ya kuma nuna cewa da an kira +1 ta gaba, −1 ta baya, √−1 ta gefe, da ba a sha wannan wahala ba. Ba a bi shawararsa ba, domin tsohon suna ya riga ya kafu a littattafai.

Harsunan Turai suna da uzurin gado. Larabcin makarantu ma ya bi sahunsu ya fassara sunan yadda yake. Hausa ba ta da wannan nauyi a ka, tun da har yanzu babu sunan da ya kafu a bakin masu ita, kuma babu dalilin da zai sa ta je ta aro kuskuren da masu shi suka yi ta kuka da shi kusan shekara ɗari biyu.

Ga yadda abin yake. A tsayar da yaro a filin makaranta yana fuskantar gabas, a ce wannan tsayuwa ita ce 1. Ninkawa da i ita ce juyawa kwata guda ta hannun hagu, ko hauni in ji mutanen yamma. Juyi ɗaya ya kai shi arewa, wannan ita ce i. Juyi na biyu ya kai shi yamma, ya ba gabas baya ke nan, kishiyar inda ya fara, wato −1. Ga amsar tambayar da aka ce ba ta da amsa: abin da in an yi shi sau biyu zai mai da gaba baya shi ne juyin kwata. Juyi na uku kudu ne, −i. Na huɗu ya komo da shi gabas, 1. Zanen da ke cikin littattafan jami'a ma haka yake, lambobin da aka saba da su a kwance daga yamma zuwa gabas, sababbin a tsaye daga kudu zuwa arewa, kamar taswira.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tsari. Gabas ita ce mafarinsa: ita yake fuskanta in zai yi salla, da ita yake fara lissafa kusurwoyi, kuma kunne na jin kusancinta da kalmar gaba. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya yi rubutu a 1966 a kan yadda Hausawan can ke shata gari da gona bisa kusurwoyi huɗu. Manomin Jibiya da zai kwatanta iyakar gonarsa ba ya cewa dama ko hagu, cewa yake yi ta yi iyaka da wane daga arewa, da wane daga kudu. Abin da ɗan Turai sai an koya masa da allo, ɗan Gangara ya zo da shi daga gida.

Daga nan sauƙaƙa i mai hawa da yawa ya zama wasa. In aka ce a sauƙaƙa i²⁷, tambayar ita ce: wanda ya fara daga gabas ya yi juyi 27, ina yake fuskanta? Kowane juyi huɗu komawa gida ne, sai a zubar da huɗu-huɗu. Shida sau huɗu 24, saura uku. Juyi uku kudu ne, amsa −i. In aka ce i²⁰²⁶, a raba 2026 da huɗu, a sami 506, saura biyu, yamma ke nan, amsa −1. In hawan na baya ne, kamar i⁻¹, sai a juya ta hannun dama, daga gabas a faɗa kudu, amsa −i. Dokoki huɗun da ake tilasta wa ɗalibi ya haddace sun zama abu guda da zai iya yi da ƙafarsa.

Shi ma wannan lissafi na saura tsohon ɗan gida ne. Mata huɗu masu adashi sun san wadda za ta kwasa a zubi na 27 ba tare da sun ƙirga tun daga farko ba. Wanda aka yi wa rasuwa ranar Lahadi ya san sadakar arba'in ba za ta faɗo Lahadi ba, domin arba'in ba ta rabuwa da bakwai sai da saura. Malaman hisabi kuwa sun daɗe suna tara adadin haruffa su zubar da huɗu-huɗu ko sha biyu-sha biyu su duba abin da ya rage. Ko me mutum zai ce game da abin da suke nema da wannan aiki, kuma malamai sun faɗi da yawa, hannun lissafin da ke ciki sahihi ne. Katsina ma tana da abin tunawa a nan. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya rubuta littafi da Larabci wajen 1732 a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, inda jimlar kowane layi ke zama ɗaya. A irin waɗannan hanyoyi, in ƙirga ta fita ta wannan gefe na hatimi sai ta shigo ta wancan. Bai yi magana a kan √−1 ba, kuma ba daidai ba ne a jingina masa abin da bai yi ba don neman abin alfahari. Abin da rayuwarsa ke shaidawa shi ne cewa tunanin ƙirga mai kewayawa ya zauna a ƙasar nan tun kafin boko.

Saboda haka shawarar ita ce a kira i da 'ya'yanta lambobin gicciye, a kira waɗanda aka saba da su lambobin miƙe. Gicciye kalma ce da kowa ya sani, ta itacen da ya faɗi ya tare hanya, kuma tana faɗin ainihin matsayin lambar: tana ratsa layin da aka sani ne a kan kusurwa. Lamba irin 3 + 2i, mai taku uku gabas da taku biyu arewa, sai ta zama gamayyar lamba. Ƙaramar lambar da ake ɗorawa a kafaɗa, wadda fassarar gaggawa ke kira “ƙarfi”, ta fi dacewa da hawa, kamar na bene: i hawa biyu, i hawa ashirin da bakwai. Alamar √ kuwa saiwa ce, kuma haka Alkawarizmi ya kira ta da Larabci a Bagadaza tun ƙarni na 9, a littafin da aljabara ta samo sunanta daga gare shi. Lambar da ke ƙasa da sifiri ma Hausa tana da abin riƙe ta. Harshen da ke cewa ashirin ba ɗaya, ko ɗari gaira biyar, ba zai rasa yadda zai ce gaira ɗaya ba.

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Jarrabawa da Ingilishi ake yin ta a nan, da Faransanci a can, kuma yaron da ya saba da “gicciye” zai tarar da wata kalma a takarda. Gaskiya ne. Sai dai alamar i ba ta canzawa a kowane harshe, kuma da alama ake amsa tambaya. Injiniyoyin lantarki ma j suke rubutawa a maimakon i, domin i ta riga ta zama alamar ƙarfin gudun wuta a wurinsu, duniya kuwa ba ta tashi ba. Yaron da ya gane juyi zai iya riƙe sunan Turanci a matsayin laƙabi. Wanda laƙabin kawai ya riƙe ba shi da abin da zai koma gare shi ranar da hadda ta kuɓuce.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma sassan Hausa na jami'o'i take duka. An sha ƙirƙiro kalmomi a ɗakin taro su mutu a cikin kundi. Aikin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 ya rayu ne domin masu shi su ne masu koyar da nahawu da adabi, suka shiga aji da shi washegari. Kalmomin lissafi da kimiyya na firamare da aka tattara a shekarun 1980 ba su sami irin wannan gata ba, kuma ba a ɗora a kansu zuwa sakandare da jami'a ba. Masanin harshe shi kaɗai zai fassara suna, domin sunan yake gani. Sai ya zauna da malamin lissafi kafin ya san cewa sunan ne matsalar. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ba su da nisa da juna, hanyar da ta haɗa su ta Jibiya ta bi, kuma ɗalibansu Hausa suke yi in sun fito daga lacca.

Siyasar harshe a ƙasashen biyu ta ɗauki hanyoyi mabambanta. Nijeriya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a Nuwamban 2022, ta soke a Nuwamban 2025. Nijar kuwa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Maris na 2025. Babu ɗayan matakan biyu da ya sauya abin da ke faruwa a minti goma na ƙarshen darasi, lokacin da malami ke cewa “bari in faɗa muku da Hausa”. In kowane gefe ya ƙirƙiro nasa shi kaɗai, ɗaya daga Ingilishi ɗaya daga Faransanci, za a wayi gari da Hausar lissafi iri biyu a tsakanin garuruwan da ke jin kiran sallar juna.

Gwada shawarar ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Akwai kuskuren da ɗalibai ke yawan faɗawa: a ce su ninka √−4 da √−9, sai su haɗa gaira da gaira su sami 36, su ɗauki saiwarta su rubuta 6. Amsar daidai −6 ce, domin √−4 ita ce 2i, √−9 ita ce 3i, biyu sau uku shida, juyi biyu kuma yamma ne. A ɗauki aji biyu a Jibiya, a koyar da ɗaya da lambar zato da dokokin hadda, a fitar da ɗayan fili a tsayar da su suna fuskantar gabas. Bayan wata guda a ba su wannan tambaya, a ƙirga masu 6 da masu −6.